Firjin da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, ina kuma gaida Kawu. Da fatan gwiwarki ta yi sauƙi, shi ma tarin nan nasa ya sake shi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai muryata da ta dishe saboda tsayuwa gaban allo. Na san kunnenki ba ya shiri da waya, shi ya sa na ba direban motar da ke bi ta wajenku wannan takarda. Ina cikin yi masa kwatance ya katse ni, ya ce ai ya san gidan, mai firji a baranda.

Gwaggo, na samu aikin da na gaya miki, amma na gwaji ne. Makarantar koyon Turanci ce ta manya, a saman wani shagon fenti, ɗakuna uku da fanka mai kuka kamar za ta faɗo. Ɗalibaina duk sun girme ni ko kuma sa'o'ina ne. Akwai tela da matarsa, akwai bakanike, akwai wata nas mai son tafiya ƙarin karatu, da wasu da dama. Da yamma suke zuwa bayan sun tashi daga aiki, kowa da gajiyarsa. Mai makarantar ya gaya mini tun ranar farko cewa a ƙarshen zango zai shigo ya zauna a bayan aji ya ga yadda nake koyarwa. In ya tarar da aji cike ana magana, aikin ya zama nawa. In kuwa kujeru ya tarar, to in nemi wani wurin.

Komai yana tafiya daidai har muka iso wani darasi da na sa wa suna darasin da-na-sani. A Turanci akwai yadda ake magana a kan abin da ya riga ya wuce. In za ka ce da ya kamata mutum ya yi kaza amma bai yi ba, sai ka ce "should have". In da zai iya ne amma bai yi ba, "could have". In kuma kintace kake yi, kana cewa lallai kaza ne ya faru, "must have". Misalan littafin kuwa ba gishiri ba magi. Wani ya manta lema ruwa ya dake shi, wani ya makara jirgi ya tafi ya bar shi. Ina karantawa suna hamma.

Sai na ce bari in yi dabara, kowa ya kawo misali daga rayuwarsa. Da na san abin da zai biyo baya da na bar su da lemarsu. Matar tela ce ta fara ɗaga hannu. Ta dubi mijinta ta ce da Turanci tsaf, ba kuskure ko ɗaya, da ya kamata ya saurare ta kafin ya ɗauki ƙaninsa aiki a shago. Shi kuma ya miƙe ya ce ai da ita ma za ta iya kama bakinta a gaban mutane. Na ce madalla, jimlolin duka biyu daidai ne, amma ba wanda ya ji ni, don sun riga sun koma Hausa. Bakanike ya shiga rabo, tela ya ce masa shi ma da ya kamata ya gyara masa babur da kyau tun farko maimakon ya riƙa mayar da shi gareji kamar ɗan gida.

Washegari rabin aji ba su zo ba, waɗanda suka zo kuma kowa ya ja kujerarsa nesa da ta wani. Yanzu da yatsun hannu ɗaya nake ƙirga su. Mai makarantar ya fara leƙowa ta taga in zai wuce. Ke kika riƙe ni lokacin da nake makaranta a garinku, kin san ba ni da wata sana'a sai wannan bakin nawa. Tsoro nake ji, Gwaggo. Ki ba ni shawara.

Taki, wadda kike kira Baturiya

* * *

Zuwa ga Baturiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta sha man mota a gefe ɗaya amma ta karantu. Muna nan lafiya. Gwiwa tana yadda kika san ta. Tari ya bar Kawunki, surutun ne dai bai bar shi ba.

Na karanta labarinki na yi dariya har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Yarinya, karatun ya yi miki yawa har ya danne hankalin. Wa ya gaya miki ana tara miji da mata a ɗaki ɗaya a ce su faɗi abin da ya kamata a yi? Ni da babanki kakanmu ɗaya, kuma duk zuriyarmu ban san wanda ya taɓa cewa "na yi kuskure" da bakinsa ba, sai dai in zazzaɓi ne ya yi masa zafi. Laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani. Ke kuma kika ce kowa ya duba ƙarƙashin ƙafarsa, dole su duba ƙarƙashin ƙafar na kusa da su.

Ga shawarata. Ki samo musu wani mutum wanda ba ya nan, ba kuma zai taɓa zuwa ba, wanda ya tafka wauta mai kyau, ki ajiye musu shi a tsakiyar aji. Za ki ga tela da matarsa sun zama baki ɗaya. Ba abin da ke haɗa kan mutane kamar gyara rayuwar wanda ba ya wurin. In akwai Turanci a cikinsu ranar zai fito, har wanda ba ki koya musu ba.

Wannan shudaf ɗin naku kuwa, wato darasin da-na-sanin nan, ba sabon abu ba ne, mu ma muna da shi a gidan nan, kullum da safe nake biya wa Kawunki. Yau ma na fito da bokiti na buge gwiwa da firjin nan nasa. Na ce masa, mutum ya je gwanjon kayan otal ya sayo firji mai ƙofa biyu bai auna ƙofar ɗakinsa ba? Ya ce firjin ba shi da laifi, magini ne ya yi ƙofa ƙarama. Amsar da yake ba ni ke nan tun kafin ki zo gidan nan da akwatin makaranta. Yanzu ɓangaren dama takalma ne, na hagu kuma ya cika shi da tsofaffin jaridu da tarkacen rediyo. Takalmanki na makaranta ma suna ciki har yau, in kina so in aiko miki.

Ki riƙa shan ruwan ɗumi saboda muryar. Ki kuma ƙara wa rubutunki girma, wannan naki kamar kiyashi ne ya faɗa tawada ya bi ta kan takarda.

Gwaggonki

* * *

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Kawu. Muryata ta dawo, ajina ma ya dawo, kuma ke ce sila. Amma kafin ki ci gaba, ki duba ko Kawu yana kusa. In yana kusa ki shiga ɗaki ki tura ƙofa.

Na yi ta neman mutumin da kika ce in samo. Duk wautar da na ƙirƙiro sai in ji ba ta da ɗanɗano, ta fi kama da ta mai lema. Sai na sake karanta wasiƙarki. Gwaggo, ki yafe mini, firjin na ɗauka. Ban faɗi suna ba, ban ce ɗan'uwana ne ba. Na zana ƙofa a allo, na zana firji a gefenta ya fi ta faɗi, na zana wani dattijo da hula yana tsaye yana kallonsu. Na ce wannan wani mutum ne a wani gari, ga abin da ya yi, to me ya kamata ya yi?

Ban rufe baki ba hannuwa suka tashi. Tela ya ce, "He should have measured the door," wato da ya auna ƙofar, har ya zaro tef daga wuyansa yana nunawa. Matarsa ta ce wannan gaskiya ne, karo na farko ke nan da na ji ta yarda da maganarsa. Bakanike ya ce da zai iya cire ƙofofin firjin ya shigar da shi a karkace. Wani ya ce da ya fasa bango, wani ya ce da ya fasa sayen. Nas ta ce lallai matar mutumin nan mai haƙuri ce, "She must have been very patient." Matar tela ta ce haƙurin ne ma ya yi yawa, da ya kamata ta tura shi cikin firjin ta rufe tun ranar farko. Aka yi ta dariya har mai shagon fenti ya hawo ya ga ko lafiya.

Labari ya bazu. Waɗanda suka gudu sun dawo, har da sababbin fuskoki. Sun sa masa suna Baba Firji. Kullum sai sun tambaye ni me kuma ya yi, ni kuma, Allah ya yafe mini, na ƙara musu da na ranar da ya kwance agogon bango zai gyara, ya mayar da komai, kusoshi suka ragu a faranti, ya ce dama kamfanin ne ya sa da yawa. Bakanike ya ce lallai mutumin nan bai taɓa neman shawarar kowa ba tun da aka haife shi, kuma ya faɗi jimlar daidai har sai da na tafa masa.

Na yanke shawara ranar da mai makarantar zai shigo darasin firjin zan maimaita, don a kansa suka fi ƙwarewa. Roƙona ɗaya ne, kada Kawu ya ji. Kin san shi ne ya riƙa kai ni makaranta a bayan kekensa, ba zan so ya ji na mayar da shi abin dariya a bakin mutanen da bai sani ba. Ki karanta ki ɓoye inda hannunsa ba ya kaiwa.

'Yarki, Baturiya

* * *

Baturiya,

Wannan 'yar gajeruwa ce. Kada ki ga rubutun ya hau tudu ya gangara ki tsorata, lafiyata lau. Tabarauna ne ya karye. Na ajiye shi a kan kujera, Kawunki ya zo ya zauna a kai, ya ce ai kujera ba wurin ajiye tabarau ba ce. Rubutu ina iya yi, hannu ya san hanyarsa, amma karatu ya gagara. Saboda haka daga yau duk takardar da kika aiko shi zai riƙa karanta mini. Na gaya miki ne don ki san irin abin da za ki riƙa rubutawa.

Har yanzu ban ji yadda kika yi da shawarar da na ba ki ba. Zan ba direba wannan, na ga yadda yake jefa takardun mutane cikin aljihun mota, Allah dai ya sa ya tuna.

Gwaggonki

* * *

Baturiya,

Ina amsa sallamarki, ina kuma gaishe ki da aiki. Mu lafiya, sai ɗan abin da zan gaya miki a ƙasa. Takardarki ta zo, Kawunki ya karanta mini a baranda. Na ji daɗi da aji ya cika. Ashe firjinmu ne ya yi wannan aiki. To ko ba komai ya yi rana sau ɗaya a rayuwarsa.

Sai dai ɗaliban naki sun ba ni mamaki. Wai tela ya ce dattijon mai hangen nesa ne, da ya kamata magini ya yi tunanin firji kafin ya yi ƙofa. Wai nas ta ce lallai matar mutumin nan mai yawan mita ce, matar tela kuma ta ce da ya kamata ta gode wa Allah da ya ba ta miji mai sayen manyan kaya. Har wai sun sa masa suna Baba Mai Dabara. Ni dai ban san irin mutanen da kike koyarwa ba. Ki gaya wa nas ɗin nan ta zo ta buga gwiwarta sau ɗaya tak, sannan mu zauna mu yi maganar mita.

Karatun ma bai tafi daidai ba. Farkon takardar ya ce gaisuwa ce kawai, ya tsallake. Yana tsakiya sai tarin da ya warke ya dawo, ya cire hula ya mayar. Ƙarshen kuma ya ce man mota ya ɓata wurin. Na ce ya ba ni in ajiye, ya ce shi zai ajiye. Tun ranar ba ya cin abincin kirki, jiya ma na gan shi tsaye yana kallon firjin yana kallon ƙofar ɗaki kamar yau aka gabatar masa da su.

Yanzu ga labari. Ya ce shi da kansa zai kawo tabarauna garinku a gyara, tunda can masu yin gilashi suke. Ya ce kuma zai zo ajinki ya ga mutanen nan da suka yaba masa, ya yi musu godiya ido da ido. Har ya sa na wanke masa rigarsa ta fita kunya. Ki tarbe shi da kyau, kin san shi da son a girmama shi.

Gwaggonki

* * *

Zuwa ga Gwaggo, da kuma Kawu in shi ne ke riƙe da takardar nan,

Ina gaishe ku duka biyu, musamman Kawu. Wasiƙun Gwaggo biyu yau suka iso tare. Direba ya ce ta farkon ta maƙale a cikin takardun mota, sai da aka tsayar da shi a hanya aka ce ya fito da su sannan ya gan ta. A tsaye na karanta su a tasha, kafin in gama sai da na nemi benci.

Kawu, ka yafe mini. Abin da ka karanta ka riga ka karanta. Ban yi don raini ba, tsoron rasa aiki ne ya sa na kama abin da ya fi kusa da hannuna, kuma firjin ne ya fi kusa. Ina roƙonka ka ba direba tabaraun, ni zan kai a gyara in aiko. Hanya ba ta da kyau, ga kuma tari. In kuwa ka riga ka ɗaura niyya, to don Allah ka bari sai sati na sama, don a wannan satin ne mai makarantar zai shigo ajina.

Gwaggo, nas ba ta ce kina da mita ba. Kawu, ka taimaka ka karanta mata wannan layin yadda yake.

'Yarku, Baturiya

* * *

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa, da fatan kaɗaicin kwanakin nan bai dame ki ba. Kawu na ba wannan wasiƙar, tare da tabaraunki sabo fil, don haka ki karanta da idonki. Yana lafiya. Tarin bai dawo ba sai sau ɗaya, zan gaya miki inda ya dawo.

Takardar da na aiko ina roƙon kada ya zo, a hanya suka yi saɓani. Ana gobe mai makarantar zai shigo na dawo daga aiki na tarar da shi zaune a kan jakarsa a ƙofar ɗakina. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa lafiya lau, ya tambayi aiki, ya tambayi murya, ya sha ruwa. Bai ce firji ba, ban ce firji ba. Da ya tashi zai tafi gidan abokinsa inda ya sauka, sai ya juyo ya ce, "Ƙarfe nawa Baba Firji yake shiga aji?" Gwaggo, na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari aji ya cika har sai da aka aro benci daga shagon fenti. Mai makarantar ya zauna a baya da biro da takarda. Kawu ya shigo da rigar fita kunya ya zauna kusa da shi. Kowa ya ɗauka wani babba ne daga masu duba makarantu, har tela ya miƙe ya juya masa fanka. Na ɗauki alli zan zana ƙofar, na waiwaya na ga hularsa, irin wadda na saba zanawa sak. Hannuna ya ƙi. Na tuna bayan kekensa, da yadda yake cewa in riƙe rigarsa da kyau in za mu gangara. Na ce a raina aiki ya tafi in zai tafi. Na ajiye allin na buɗe littafi, na ce yau mutumin da ya manta lema za mu yi.

Kin san sauran. Na karanta musu. Na yi tambaya, bakanike ya ce da ya kamata ya ɗauki lema, shi ke nan magana ta ƙare, don ba abin da za a ƙara. Wani ya yi hamma. Matar tela ta yi mini raɗar da har na bayan aji suka ji, "Malama, yau ina Baba Firji?" Na yi kamar ban ji ba. Ina ganin biron mai makarantar yana tafiya, na kuma san ba alheri yake rubutawa ba.

A nan ne Kawu ya yi tari. Ya miƙe ya tako har gaban allo, ya ɗauki allin ya zana ƙofa, ya zana firji wanda ya kusa cinye allon. Sannan ya juyo ya ce, "Ni ne mai firjin. An ce kuna da shawarwari a kaina. To ga ni na zo, kowa ya faɗi tasa a gabana, amma da Turancin da 'yata ta koya muku, ita kuma ta fassara mini. Wanda ya yi da Hausa ban ji ba."

Da farko ba wanda ya motsa. Matar tela ta ja mayafi ta rufe fuska. Can sai tela ya miƙe, ya rusuna, ya ce, "Sir, you should have measured the door." Na fassara. Kawu ya ce in tambaye shi ko shi bai taɓa yanka yadi ya gaza ba. Matar tela ta buɗe fuska ta ce ya taɓa, kuma da ya kamata ya saurare ta a ranar ma. Daga nan aka ɓalle. Bakanike ya fito allo yana nuna yadda da za a karkata shi, Kawu yana cewa da an karkata da an karya masa kaya. Aji ya rabu biyu, masu cewa laifin Kawu ne da masu cewa na magini ne, kowa yana jefo Turanci kamar biyansa ake yi. Kawu ya sa na koya masa jimla ɗaya, ya yi ta maimaitawa: "The builder should have made a bigger door." Ki shirya, za ki sha jin ta.

Ana cikin haka na ji wata murya daga baya tana cewa ai da zai iya shigar da shi ta taga. Mai makarantar ne, ya ajiye biro. Kawu ya ce masa tagar tana da ƙarfe, kuma wanda bai ga gida ba ba ya yi masa gini. Mai makarantar ya ba da haƙuri.

Dab da tashi nas ta ce, da Turanci, ai da zai iya sayar da shi tuntuni, me ya hana? Na fassara. Kawu ya gyara hula, ya ce, "An sha tayawa. Amma yaranmu duk sun watse, gida ya rage daga ni sai matata. Kullum da safe in ta buge gwiwa sai ta kira ni ta yi mini faɗa, ni kuma in rama, daga nan hira ta kama har rana ta take. In na sayar, da me za mu fara?" Sai ya juyo ya ce mini, "Wannan kada ki fassara." Ya manta duk ajin suna jin Hausa.

Aikin ya zama nawa, Gwaggo. A kan matakala mai makarantar ya gaya mini, har yana tambaya ko Baba zai samu dawowa zango mai zuwa. Da na raka Kawu tasha na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari. Abu ɗaya ne wai bai yafe ba: tela ya nuna masa zanena da ya kwafa a littafinsa, ya ga na yi masa hanci kamar na buta. Tela ya ba shi kyautar tef, bakanike ya zana masa yadda ake cire ƙofofin firji. Nas kuma ta ja shi gefe ta gaya masa gwiwar da ake bugewa kullum ba ta warkewa. Na ga maganar nan ta shige shi, don haka kada ki yi mamaki in ya iso ya fara aune-aune.

'Yarki, Baturiya

* * *

Baturiya,

Na amsa sallama, na kuma taya ki murna. Allah ya sa albarka a aikin, ya kare miki muryar. Kawunki ya iso lafiya. Tabarau ya zauna daidai, yanzu har ƙurar da ke saman firji nake gani, da wata furfura da ban san Kawunki ya yi ba.

Abin da na fara yi da sabon ido shi ne na nemo tsohuwar takardarki. A ɓangaren hagu na firji na same ta, ƙarƙashin jaridu. Na zaunar da shi na karanta masa da ƙarfi tun daga "ki duba ko Kawu yana kusa" har ƙasa, ba tari, ba man mota. Da na zo wurin nas sai na maimaita. Ki gaishe ta, ki ce na janye gayyatar buga gwiwa. Matar tela kuma ki ce mata shawararta ta zo a makare, yanzu ba zai shiga ba, takalma sun cika wurin.

Ta ƙarshen kuwa ni kaɗai na karanta a ɗaki. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka kaɗan, da ya shigo na ɗora wa sabon gilashi laifi. Mutumin nan tun da muke bai taɓa gaya mini magana mai daɗi irin wannan ba, sai da ya shiga mota ya je wani gari ya gaya wa tela da bakanike.

Washegari na fito na tarar ya kwashe takalma ya jera a ƙasa, yana riƙe da tef ɗin tela, ya auna firji ya auna ƙofa, yana duba zanen bakanike. Ya ce yau zai shigar da shi gwiwata ta huta. Na ce ya je ya sha shayi tukuna kada ya huce. Da ya dawo tef ya ɓace. Ya nema har ƙarƙashin gado, ni ma na taya shi nema tsakani da Allah. Sannan na ce masa firjin nan yanzu ba namu ba ne mu kaɗai, abincin yarinya yana kansa. In ya shiga ɗaki me za ta koyar zango mai zuwa, mutumin lema? Ya tsaya ya yi tunani, ya ce wannan kuma gaskiya ne. Ya mayar da takalman ɗaya bayan ɗaya, naki na makaranta a sama. Bai sake tambayar tef ba, ni ma ban ce komai ba. Ga shi nan cikin ambulan ɗin nan, ki mayar wa tela, ki ce mun gode.

Yau da safe na fito da bokiti. Da tabarau a idona ina ganin firjin sarai, ashe ma akwai hanya ta gefe wadda mutum zai wuce lafiya. Na buga bokitin a jikinsa yadda za a ji daga ɗaki, na ce, mutum ya je gwanjo ya sayo firji bai auna ƙofa ba? Sai na ji ya gyara murya ya ce, "Di bilda shudaf," ya kakare a nan. Ya sake farawa ya sake kakarewa. Ki rubuto masa sauran da manyan baƙaƙe, ki kuma ja wa direba kunne kada ya jefa ta a aljihun mota, don ba na son in riƙa yin faɗa ni kaɗai.

Gwaggonki